Makon al'adun kulob ɗinmu na jami'ar Damagaram (Zinder): inda aka kwana, daga Fabrairu zuwa Mayu 2025

Litinin 10 Fabrairu

Jiya 9 ga wata aka yi zaman tunawa da ɗalibai ukun nan da aka kashe a gadar Kennedy ta Yamai a 1990, kamar yadda USN, ƙungiyar ɗaliban Nijar, ke yi duk shekara, to da aka watse sai muka ce tunda yau kowa yana nan bari mu zauna reniyon farko kar mutane su ɓace mana. An ba ni sakatare, shi ya sa zan dinga rubuta abin da aka yi a nan don waɗanda ba su zuwa reniyo su daina cewa ba a gaya masu ba.

Magana ta farko lokaci. Semestir na biyu a bana matsattse ne, azumi zai kama farkon Maris ya cinye watan gaba ɗaya, Afrilu kuma kowa ya san yadda Damagaram take, rana tana ƙona ƙeya ga dabuwar a jere, in muka wuce Mayu kuma ekzama da babbar sallah da hadari duk sun taho tare. Aka tsaya kan 12 zuwa 17 ga Mayu. Abin da aka sa a takarda: tiyatir, muhawara, gasar balo tsakanin sassa, dara da langa, kyautar jini, fita zuwa Birni wato tsohuwar unguwar da fadar sarki take, sai daren al'ada na rufewa. Kotizasiyo jika ɗaya kowane mamba, ƴan shekarar farko dala ɗari.

Ni abin da na tsaya a kai a reniyon, kuma har an ce na cika surutu, shi ne fitar Birni kar ta zama abin cike takarda. Duk shekara kuɗi da ƙarfi suna tafiya a daren ƙarshe, a yi rawa a ɗauki hoto a sa a Facebook shi kenan. Alhali akwai kamarad da ya zo daga Difa ko Tilaberi ya yi shekara uku a garin nan bai san komai ba sai hanyar site, wato gidajen kwanan ɗalibai, zuwa amfi inda ake ɗaukar darasi da tashar da zai hau mota in an yi hutu. Kai har mu ƴan gari, tambayi ɗan Sabon Gari wa ya gina ganuwa ka ji abin da zai ce.

Laraba 19 Fabrairu

An kai takardun neman izini da na sal, turzoriye ta buɗe kaye. Wannan ba wani labari.

Labarin yana wajen tiyatir. An yi gardama sosai kan wane sarki za a yi. Rabin kwamiti suna son Tanimun, kuma ba laifinsu, shi ne wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, a zamaninsa ana ƙera igwa da albarushi a nan cikin garin, ayarin Tarabulus yana sauka a Zango. Amma wani ɗan shekara ta uku ya tuna mana cewa marigayi André Salifou wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa ya riga ya rubuta wasa kan Tanimun da faransanci, in muka taɓa shi ko dai mu kwaikwaya ko a ce mun ɓata. Sai aka koma kan sarki Amadu Kuran Daga, shekarun 1898 da 1899. Ni wannan ya fi mani ma, saboda a labarin Tanimun kowa ya san inda zai tafa, a na Kuran Daga kuwa akwai inda mai kallo zai yi shiru ya tambayi kansa in shi ne a kan gadon me zai yi.

Ga ƙashin labarin yadda muka tsara shi. Kaftin Cazemajou ya iso Damagaram a 1898 yana neman wucewa gabas wajen Rabe, wanda a lokacin ya riga ya ci Barno yana zaune a Dikwa. Fada ta ji tsoron kar bature da Rabe su haɗa kai a kanta. Aka kashe shi da tafintansa a watan Mayu na shekarar. Shekara ta zagayo sai ga rundunar da Voulet da Chanoine suka taso da ita, wadda ta ƙone garuruwa tun daga yamma, ta yi karo da Sarauniya a Lugu, su biyun sun mutu a hanya cikin Yuli 1899 amma sauran hafsoshin suka ci gaba, aka gwabza a Tirmini ƙarshen watan, Birni ta faɗi, sarki ya fita, aka kashe shi a Satumba. Fage biyar muka yanke. Mutum uku za su rubuta, ni ina ciki don dai ni na kawo surutun.

Alhamis 27 Fabrairu

An yi tiraj na balo. Za a buga zagayen farko kafin azumi, sauran bayan sallah, don ba wanda zai yi gudu a teran da ƙishirwa. Ƴan likitanci sun ce a sa masu mach ɗinsu ranar lahadi kawai saboda staj, an yarda. Arbit daga waje za a ɗauko, kowa ya san dalili.

Asabar 8 Maris

Azumi ya yi sati. Repetisiyo ya koma bayan tarawihi, a tsakar gidan wata mamba a Garin Malam, mamanta ta ba mu tabarmi da kunu, Allah ya saka. Ƴan site suna zuwa mutum biyu biyu a kabu-kabu kulob na biya, wannan kuɗin ban so fitarsa ba amma babu yadda za a yi.

Rubutun ne ke ba mu wuya. Mun fara da faransanci saboda da shi muka saba rubutu tun firamare, sai ka ga sarki yana magana kamar mai ba da kur a amfi. Da muka juya shi hausa kai tsaye abin ya ƙara lalacewa, ba wani bafade da ke magana haka. Daga ƙarshe mai yin sarki ya ce a ajiye takardar, a gaya masa abin da fage ke nufi kawai shi zai faɗa da bakinsa mu kuma mu ɗauka a salula mu rubuta daga baya. Haka dama tsofaffin ƴan tiyatir na garin nan suke yi, su Yazi Dogo lokacin da ƙungiyarsu ta Damagaram ke cika rediyo da talabijin, a tattauna labari kowa ya san matsayinsa sannan magana ta fito a fage. Tunda muka koma haka wasan ya tashi. Yaron nan kakarsa a Birni take, gaisuwar fada da yadda ake zubewa da yadda sarki ba ya ɗaga murya sai wani ya maimaita maganarsa, duk a bakinsa suke ba a littafi ba.

Matsala ɗaya ta rage, ba wanda ke son yin bature. Kowa sarki, kowa Kaigama, kowa dogari.

Talata 18 Maris

Kuɗi. Waɗanda suka biya ba su kai rabi ba. Na gane ana jiran burs kuma ga kayan sallah, amma wanda ke da na mega kullum yana da jika ɗaya. Turzoriye ta ce ba za ta sa sunaye a gurup na WhatsApp ba, ni da son raina ne a sa. Mun kai takardar neman taimako wajen wasu ƴan kasuwa a kasuwar Dole, ɗaya ya yi alƙawarin fiya wata na mako gaba ɗaya, wani ya ba da yadi ja da kore na rigunan dogarai. An samu bature, wani ɗan Tanut ne dogo, ya ce zai yi in dai ba za a shafa masa garin alli a fuska ba. Hula da wando da tafiya sun isa.

Daga 25 ga wata an dakatar da komai, mutane za su tafi gida sallah.

Asabar 5 Afrilu

Barka da sallah. Ƴan Magarya da Matamai da Mirya sun dawo, ƴan nesa sai a hankali.

Taken muhawara ya canza kuma ba mu muka canza shi ba. Da an ce za a yi kan aikin yi bayan lisans. To sabon kundin tafiyar da ƙasa da aka sa wa hannu 26 ga Maris ya ce hausa ita ce harshen ƙasa, faransanci da ingilishi harsunan aiki, sauran kamar zabarmanci, fulatanci, barbarci, tamashek, tubanci, gurmanci, larabci su ne harsunan da ake magana da su a Nijar. Tun da labarin ya fito gurup ɗinmu bai kwana ba. Wasu murna kamar an ba su burs biyu, wasu kamarad ƴan yamma da ƴan Difa kuma ransu bai so ba, kuma ni ban ga laifinsu ba, don kafin nan duk harsunan ana kiransu na ƙasa ne. Muka ce maimakon a yi ta jifa da vokal cikin dare gara a kawo maganar sal a yi ta ido da ido. Tambayar da aka tsaida: shin za a iya koyar da darasin jami'a da harsunanmu, kuma me ake bukata kafin nan. Ba siyasa, ba zagin kowa, kowa ya yi magana da harshen da ya ga dama wani ya fassara. Wani malaminmu ya yarda zai riƙe zaman.

Lahadi 13 Afrilu

Jiya aka yi fitar Birni. Mun matso da ita gaba ba mu jira mako ba saboda ƴan tiyatir suna bukatarta, kuma in aka bari sai Mayu zafin zai hana tafiya a ƙasa. Ƙarfe 7 na safe aka haɗu, bas ɗaya ta cika wasu suka biyo a babur.

Mun fara da sauran ganuwa. Abin da ya rage guntaye ne nan da can, wani wuri an jingina gida da shi, wani wuri awaki ne a kai, wanda bai sani ba zai ɗauka tudun ƙasa ne kawai. Dattijon da ya zagaya da mu, mutumin unguwar ne aka haɗa mu da shi muna ce masa Baba, sai da ya tsaya ya nuna mana kaurin gindin kafin yara suka yarda cewa wannan abin ya taɓa kewaye gari. Daga nan muka shiga lungu. Wanda bai taɓa shiga Birni ba ba zai gane ba, gidajen ƙasa da zanen da aka yi a fuskar zaure, zanko a saman soro, lungu ya yi ƙunci har mutum biyu ba su jerawa sai kuma ka ɓullo kan wani ƙaton dutse a tsakiyar unguwa yara na zamiya a kai. Mun tsaya inda Barth ya sauka, Bajamushen nan da ya iso garin ƙarshen 1852 a zamanin Tanimun. Wata ƴar Doso ta ce ita wallahi ta ɗauka Zinder ɗin duk ita ce abin da take gani daga tagar bas.

Wurin da aka yi shiru shi ne tsohon masallaci. Ruwan farkon Satumba 2024 ne ya kayar da shi, duk mun ga bidiyon a lokacin yana zubewa, ginin ƙasa ne tun tsakiyar ƙarni na 19. Ganin bidiyo daban, tsayuwa a gabansa daban. Baba ya ce ginin ƙasa ba ya son a manta da shi, kowace shekara kafin damina sai an bi shi da yaɓe an gyara indararo, kuma magina masu wannan aikin suna ƙarewa, yaransu sun koma siminti. A nan ne ni ɗan jeyogarafi na samu bakin magana, na ce Birni da fada suna cikin jerin jiran shiga wuraren tarihi na duniya na UNESCO tun 2006, Agadas ta shiga jerin gaske a 2013, mu har yau muna jira, kuma in gidajen suka ci gaba da faɗuwa ko ana rushe su ana sa bulo, ranar da za a zo dubawa me za a nuna. Ƴan tsara birane na IUT, makarantar fasaha ta jami'armu, suka ce su za su iya zana taswirar tsofaffin gidajen da suka rage a matsayin aikin ƙarshen shekara. Na rubuta, zan tuna masu.

A ƙofar fada mun gaisa da dogarai, aka bar mu muka shiga inda baƙi ke shiga. Ƴan tiyatir suka zuba ido kan yadda ake naɗa rawani da yadda ake cire takalmi tun daga nesa. Kuma a nan ne maganar harshe ta sake tasowa ba da niyya ba, don Baba ya ce gidan sarautar nan asalinsa daga Barno yake, Damagaram ta daɗe tana kai gaisuwa Kukawa, sarautu irin su Kaigama da Ciroma da Yarima duk daga can suka zo. Wani Babarbare ɗan Gure ya ce to kun ji, ku Hausawa baƙi ne a gidanmu. Wata Bafulatana ta ce shi dai ya yi shiru bawanta ne, aka fashe da dariya. Baba ya ƙara mana abin da ba mu sa a wasa ba: bayan Kuran Daga turawa sun naɗa Amadu ɗan Basa, a 1906 suka zarge shi da shirya tawaye suka cire shi suka kai shi Kodebuwa, aka bar garin a hannun Ballama shekaru da yawa, sannan daga 1911 zuwa 1926 nan ne babban birnin ƙasar kafin a maida shi Yamai. Mun rufe da majema, wari ya kori rabin mutane, waɗanda suka daure sun ga yadda ake jiƙa fata da bagaruwa kafin ta zama jar fatar da dukawa ke ɗinka jaka da ita.

Da dare mun sake fage na biyu gaba ɗaya. Da mun sa fadawa duk baki ɗaya suna cewa a kashe bature. Yanzu an raba su, akwai masu cewa baƙo ne a sallame shi ya wuce, akwai ƴan kasuwa masu tunanin hanyar ayari, akwai masu cewa in ya isa wajen Rabe mun mutu. Sarki yana zaune yana ji bai ce komai ba har fage ya ƙare.

Talata 22 Afrilu

Zafi ya wuce 40 kullum, ga dabuwar. Repetisiyo sau biyu aka ɗaga saboda ɗaukewar kuran wato lantarki. Ruwa kuma sai wanda ya tashi da asuba da bido, ƴan garuwa sun ƙara kuɗi. Sabbin ɗalibai suna tambaya wai me ya sa gari babba haka ba ruwa, amsar tana ƙarƙashin ƙafarsu, garin a kan dutse yake zaune, ƙasan ba ta riƙe ruwa, shi ya sa ake jawo shi daga nesa, Gogo Machaya da Arunguza da Ganaram, kuma ƙarancin ruwan nan yana cikin dalilan da turawa suka bayar da suka ɗauke babban birni. Don haka na ce a kwamiti duk abin da za a rage a rage amma banda kuɗin ruwa da ƙanƙara na mako.

An yi kyautar jini yau da safe, masu ɗiba sun zo da kayansu aka ba su sal ɗaya. Sharaɗi shekara 18 da kilo 50, kuma ka karya kumallo. Ƴan likitanci sun yi ƙoƙari wajen bayani, don har yanzu akwai mai cewa in an ɗibi jininka ba ya dawowa ko sayar da shi za a yi. Suka ce a tuna damina na tafe, lokacin da zazzaɓin sauro ke kwantar da yara jini ya yi ƙaranci a likita. Mata sun fi maza fitowa, wannan na rubuta shi ne don masu cika baki a fada ta samari.

Asabar 3 Mayu

Rigunan dogarai sun fito daga tela, kyau. Rawani aro. Takubba na katako wani kafinta ya yi mana, bindigogin tirayer kuma sandunan tsintsiya ne aka shafa baƙin fenti. Igwa ta gagara, an gwada da bututun roba ta yi kama da abin ban ruwa, aka ce a bar ta a bayan fage a ji ƙararta kawai da ganga.

Mai sonon da muka yi ciniki da shi tun Maris ya ce yanzu kuɗin ya ƙaru wai lokacin biki ne, alhali ya karɓi avans. Mun bar masa, mun samu wani yaro mai baf biyu da mikro uku da gurup nasa, ya fi araha kuma ya zo ya ga repetisiyo da kansa don ya san inda zai tsaya. Avans ɗin shugaba ya ce shi zai bi.

Balo: an kai kusa da ƙarshe, ƴan kimiyya da ƴan IUT ne suka rage a gefe ɗaya. Mu an fitar da mu tun tuni, ba sai an tambaya ba.

Talata 13 Mayu, dare

Jiya aka buɗe, jawabi, dara da langa. Dara ta ja mutane fiye da yadda na zata, rami 30 a ƙasa kowa da ƴaƴa 12, wani mai gadi ya zo kallo ya ƙare ya cinye zakaranmu sau biyu a jere.

Yau da safe mata suka riƙe sal saboda ranar matan Nijar, suka tuna tattakin 13 ga Mayu 1991 da mata suka yi a Yamai don an ba su kujera ɗaya tak a kwamitin shirya taron ƙasa. Da yamma muhawara. Sal ta cika har taga. Abin da na ɗauka daga ciki: ba wanda ya ce harsunanmu ba za su iya ba, rigimar tana kan da me za a fara. Wata ƴar ilimin koyarwa ta ce makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida sun fara a ƙasar nan tun 1973 kuma a nan Damagaram aka buɗe ta farko, to me ya hana abin girma, littattafai ne ko malamai ko iyaye da ke ganin faransanci shi ne hanyar aiki. Wani ɗan lissafi ya tashi ya yi ƙoƙarin bayanin darasi ɗaya da hausa, ya yi nisa sannan ya maƙale, aka yi dariya, amma malam ya ce ku lura inda ya maƙale, kalma ce babu ba tunani ba, kuma kalma zama ake a ƙirƙire ta. Wani kamarad ya yi magana da zabarmanci daga farko har ƙarshe da gangan, aka fassara, ya ce shi ba ya ƙin hausa da ita yake cefane a Dole, amma ranar da za a ce ɗansa sai da ita zai ci jarabawa to a tuna yadda faransanci ya yi mana duka. Ba a tafa masa sosai ba amma ni ina ganin maganarsa ce ta fi nauyi a zaman.

Alhamis 15 Mayu

Jiya da dare aka yi wasan. Mun zaɓi 14 ga wata da gangan, ranar da André Salifou ya rasu a 2022, aka yi masa addu'a kafin a fara, shi ɗan garin nan ne kuma shi ya jagoranci taron ƙasa na 1991.

A fili aka yi, an shimfiɗa bash, kujeru ba su isa ba mutane suka zauna a ƙasa. Baban Birni ya zo da wasu dattawa biyu, muka ba su gaba. Fage na farko mikro ɗaya ya yi ta kuka, yaron sono ya kashe shi, ƴan wasa suka ɗaga murya, ya ma fi. Da bature ya shigo yana hausa a karye tafinta na gyara masa an yi dariya har ana buga ƙafa. Fage na biyu kuwa, na shawara, wallahi tsit, har wani daga baya ya yi ihu "a kashe shi!" wata ta mayar masa "kai za ka tare su in sun dawo?" kamar da su ake yi. Tirmini ba mu nuna yaƙi ba, mata ne a tsakar gida suna jin ganga daga nesa sai wani yaro ya shigo da gudu ba hula. Wannan shawarar ƴan mata ce kuma ta fi takubban katako aiki.

Bayan an tashi Baba ya kira mai yin sarki ya ce yaro ka yi, sai dai sarki ba ya nuna mutum da yatsa. Ya kuma ce dogari ba ya juya wa sarki baya in zai fita. An rubuta.

Lahadi 18 Mayu

Ƴan IUT sun ɗauki kup da fenariti. Daren al'ada an yi lafiya, kowace jiha da teburinta, burabusko, tagella da cuku, dambun zogale, kilishi, fura, alkakinmu ya ƙare tun kafin isha'i. Zabarmawa da Abzinawa sun yi ta tsokanar juna a mikro har sai da aka ƙwace. Iska ta taso wajen ƙarfe 11 da ƙura ta ɗaga bash ɗaya, ruwa bai sauka ba, aka ci gaba.

Lahadi 25 Mayu

Reniyon lissafi. An biya tela, sono, bash da kujeru, bas ɗin Birni. Kujera biyu sun karye an biya. Avans ɗin nan har yau bai dawo ba. Abin da ya rage a kes kaɗan ne, an ce a bar wa biro mai zuwa, kaye yana wajen turzoriye duk mai so ya duba.

Abin da bai ƙare ba: bidiyon wasan yana salula uku daban-daban, ana neman mai kwamfuta ya haɗa. Rubutun hausar da muka kwafe daga repetisiyo ina bugawa, saura fage na huɗu da na biyar, zan sa gyaran Baba a ciki. Matasan wata fada a Birni sun aiko suna so a zo a yi masu wasan a unguwa, an ce sai bayan ekzama da sallah in ƴan wasa ba su watse ba, matsalar bature ne don shi yana gama takardarsa ta ƙarshe zai hau motar Tanut. Ƴan IUT masu taswira sun ce malaminsu ya yarda, za su fara zagaye kafin ruwa ya sauka, suna neman mutum biyu ƴan Birni da za su raka su gida gida. Rawani biyu na aro har yanzu suna site, wanda suke wajensa ya kawo su gobe litinin kafin azahar, mai su ya tambaya.